Shukar Da Ba Ta Son Gata

Kafin in shiga labarina, ya kamata mai karatu ya san cewa ni Bayarabiya ce 'yar Ibadan. A unguwar Sabo na fara tsintar Hausa, sannan na zo jami'a ake gyara mini ita, don haka in an ga na yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

A farkon shekarar 2022, ina aji ɗaya, akwai wani dattijo Bakatsine da ke sayar da fulawoyi a bakin titin makarantarmu. Gaskiya ba fulawa ke kai ni wurinsa ba, hira nake zuwa yi don bakina ya saba da Hausa. Wata rana na hango wasu 'yan shuke-shuke biyu a cikin ledoji, ganyayensu masu kauri sun jeru sun zagaye juna, launinsu tsakanin shuɗi da ruwan toka, bakin kowane ganye kuma ja kamar an sa masa lalle.

Na ce, "Baba, mene ne sunan wannan da Hausa?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wannan ai baƙuwa ce, ba mu raɗa mata suna ba. Ni dai kabeji nake ce mata."

Na saye su duka biyun da kuɗin abincina na kwana biyu. Da zan tafi ya ja mini kunne. "Halin raƙumi gare ta. Kada ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas. In kin ga kamar tana jin ƙishi, ki ƙara mata kwana uku." Na ce to, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Daga baya na bincika na gano sunanta a littattafan ilimin tsirrai Echeveria, kuma yawancin danginta daga tsaunukan ƙasar Meziko suke. An sa mata sunan ne a 1828 don tunawa da Atanasio Echeverría, wani mai zanen tsirrai ɗan ƙasar. Cikin ganyenta take ajiye ruwa, kuma 'yan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyen da dare take buɗe su, da rana ta rufe don kada ruwan ya tsere. Farar hodar da ke lulluɓe da ita ma kariya ce daga zafin rana. Ni kuwa da farko ƙura na ɗauke ta, har da sa tsumma ina gogewa, alhali in ta gogu ba ta dawowa a wannan ganyen.

A watan Fabrairu malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, aka ce na mako huɗu ne. Jakata ta cika, sai na ɗauki wadda ta fi kyau na tafi da ita gida, ɗayar kuma na bar ta a tagar ɗakin da muke haya. Na ce ai kwana nawa ne.

Wadda na tafi da ita ta ga gata. Na cire ta daga yashin Baba, don a ganina talauci ne, na sa mata baƙar ƙasa mai taki a cikin robar fenti wadda ko huda ba ta da shi. Kullum da safe in mahaifiyata ta fito ba ayoyonta ruwa, ni ma sai in bi da kofina. Ga shi daminar Ibadan ta kankama, iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Da na ga ganyen ƙasa sun fara zama rawaya sun yi laushi kamar an dafa su, sai na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Wata safiya a watan Yuni na ɗan taɓa ta, sai kan gaba ɗaya ya faɗo a hannuna, gindin ya yi baƙi ya ruɓe yana wari. Na yi kuka, ƙanena yana yi mini dariya wai ina makokin kabeji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an faɗa mini, kuma da harshen da nake alfaharin ina koyo. Kowace kalma ta Baba na san ma'anarta, da a jarrabawa ce da na ci.

Sai a watan Oktoba aka janye yajin aikin, wata takwas ke nan. Na buɗe ɗakin da niyyar in zubar da gawa, sai na tarar da ita a raye. Ba ta da kyan gani ko kaɗan: ta yi tsawo ta karkace wajen neman haske, ta koɗe, ganyen ƙasa duk sun bushe kamar takarda domin ta shanye ruwan cikinsu. Ina jin ɗan feshin ruwan sama da ke shigowa ta tagar ne ya riƙe ta.

Na kai wa Baba ita, kaina a ƙasa, na faɗa masa abin da ya sami 'yar'uwarta. Bai yi mini faɗa ba, wuƙa kawai ya ɗauko ya yanke mata kai. Saura kaɗan in yi ihu. Ya ce in ajiye kan a inuwa kwana huɗu har yankan ya bushe, sannan in dasa shi a kasko mai huda a ƙasa, cikin yashi mai tsakuwa da ɗan dakakken gawayi da ƙasa kaɗan. Ya ciro ganye biyar daga gindinsu ya ce in shimfiɗa su a kan yashin, kada in binne, kada in jiƙa. Wannan karon na bi maganar kamar karatun allo.

Bayan kamar mako uku sai ga saiwoyi sirara ruwan hoda suna leƙowa daga ganye uku, a bayansu kuma 'yan kabeji ƙanana kamar ƙwayar gero. Tsohon kututturen ma ya fito da 'ya'ya biyu. Da hunturu ya shigo, iska ta bushe, na riƙa fitar da su ranar safe, sai jan nan na bakin ganye ya dawo, har ya fi na ranar da na saye su. Ashe rana da sanyi da ƙarancin ruwa ne ke fito da launin.

Yanzu guda shida ne a tagata. Da damina nakan yi mako uku ban ba su ruwa ba, kuma a gindi nake zubawa, don in ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye ruɓewa take yi. Baba ya koma gida bara, wani yaro ne a wurin, shi ma kabeji yake ce mata. Jiya da safe na tsinci kaina tsaye a bakin taga da kofi a hannu. Na sa yatsa a yashin, na ji da sauran danshi, sai na shanye ruwan.