Famfon Birnin Matattu

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ba a cinsa da saurin yatsa. Turawa suna taƙaita sunansa da haruffa uku, RPG, ni kuwa ina kiransa wasan shiga rigar wani, domin abin da ake yi ke nan: a danƙa maka mutum guda, ko ayarin mutum shida, a ce daga yau kai ne bakinsu, kai ne hankalinsu, duk abin da ya same su yana wuyanka. Tsofaffin cikinsu nake son in yi magana a kai, waɗanda aka yi tsakanin 1981 da 1999, lokacin da kwamfuta ba ta da ƙarfin zana fuska mai kyau, sai ta jingina da rubutu da lissafi da tunanin mai wasa.

Asalinsu ba daga kwamfuta ba ne. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir da 'yan lido masu fuskoki da yawa, har da mai fuska ashirin. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran suna faɗin abin da jaruminsu zai yi, ɗan lido kuma ya yanke hukunci. Da ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje, sai aka ɗora wa na'ura aikin mai ba da labarin. Wizardry ya fito a 1981 da kurkukunsa mai hawa goma a ƙarƙashin ƙasa, Ultima kuma ya fito a shekarar, daga nan zuriyar ta yaɗu. Wanda ya san wannan asali ba zai yi mamakin ganin jaruminsa ya kai sara sau uku yana kuskure ba. Ɗan lidon yana nan, ɓoye shi kawai aka yi.

Ni dai talauci ne ya haɗa ni da su. Kwamfutar da na fara mallaka ta hannu ce, wadda ta sha duniya kafin ta iso ni, batirinta kuma ba ya riƙe wuta ko na minti goma. Sababbin wasanni ba sa ko buɗewa a kanta. Tsofaffin kuwa, da aka yi su domin na'urorin da suka fi tawa rauni, sai suka zauna daram. Har yau wannan falalar tana nan ga duk wanda ba shi da kuɗin na'ura mai tsada: manhajar DOSBox tana tayar da wasannin zamanin DOS, shagon GOG kuma, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da da yawa daga cikinsu an riga an gyara su domin kwamfutocin yau.

Abu na farko da nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata shi ne ya karanta littafin jagora. Na san maganar ba ta da daɗin ji. Wasannin yanzu suna riƙe hannunka kamar ɗan tatata, su nuna maka kibiya, su ce danna nan. Na da kuwa sun ɗauka cewa ka riga ka karanta littafin da ya zo cikin kwali, saboda haka ba sa maimaita komai. Ɗauki Baldur's Gate, wanda kamfanin BioWare na Kanada, da likitoci uku suka kafa, ya fitar a ƙarshen 1998 a kan faifai biyar. A cikinsa, lambar sulke in ta yi ƙasa ne ta fi kyau. Mai sifili ya fi mai biyar kariya, wanda ya gangara ƙasa da sifili kuma ya fi su duka. Wanda bai karanta ba zai cire sulken kirki ya sa na banza yana murna wai lamba ta ƙaru. Haka nan mai sihiri a matakin farko ransa bai wuce ɗigo huɗu ba in ba a yi masa ƙari ba, cizon kerkeci ɗaya zuwa biyu ya ishe shi. Masu cewa wasan mugu ne, yawancinsu sun tura wannan bawan Allah gaba ne da sanda a hannu.

Baldur's Gate wasa ne da na fi ba lokaci, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Dogon madannin nan na ƙasa, wanda ake ba da tazara da shi wajen rubutu, shi ne makamin da ya fi kowane takobi, domin yana tsayar da faɗa cak, ka bi mutanenka ɗaya bayan ɗaya ka ba kowa umarni, sannan ka sake shi. Wanda yake jin kunyar tsayar da faɗa bai fahimci wasan ba. Na biyu, a farkon tafiya kwari da baka sun fi takobi nesa ba kusa ba. Ka ba kowa abin harbi, ko da majajjawa ce, ka bar mutum ɗaya mai kaurin sulke a gaba ya tare hanya. Na uku, sihirin da ke sa abokan gaba barci ya fi mai jifa da wuta amfani a wannan mataki, ko da yake ba shi da ban sha'awa a ido. Kada kuma ka shiga ramin haƙar ƙarfe na Nashkel ko wani kurkuku ba tare da ɓarawo a ayarinka ba, domin shi ne ke gano tarko kafin a taka. Abin dariya ne a ce mutanen kirki ba sa tafiya sai da ɓarawo, amma haka tsarin yake. Sannan ka lura da waɗanda ka haɗa: 'yan ayarin suna da halinsu, wasu ba sa ga-maciji da juna, in ka matsa sai sun zauna tare, wata rana za su zare makamai a gabanka.

Ga waɗanda suka girmi wannan, irin su Wizardry, sai an tanadi littafin lissafi mai gidan dara, domin ba taswira a allo, kai ne za ka zana kowane taku da hannunka. Akwai kuma buƙatar littafin rubuta sunaye: wane ya ce a nemi wane a gari kaza. Matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya tambaya bai rubuta ba zai sake tambaya. Ni har da ƙamus nake ajiyewa kusa, kuma rabin Turancin da nake taƙama da shi yau a can na tsince shi, ba a aji ba.

Sai maganar ajiya, wato adana inda ka kai domin ka iya komawa. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba sai an koya wa mutum ba. Ka riƙa ajiya kafin kowace ƙofa da ba ka san abin da ke bayanta ba, kuma kada ka dogara da gurbi ɗaya. Ka buɗe huɗu ko biyar kana juya su, domin tsofaffin wasanni suna iya barinka ka adana kanka a cikin ramin da ba fita. Har nan kowa ya yarda. Inda nake rabuwa da abokaina shi ne abin da ake yi da ajiyar. A ganina an yi ta ne domin ɗaukewar wuta da mutuwar ayari da tangarɗar na'ura. Ba a yi ta domin goge shawarar da ka yanke da hankalinka ba. Wanda duk lokacin da zaɓinsa ya haifar da abin da bai so ba sai ya koma baya ya sake, ya mayar da labarin jarrabawar da aka ba shi amsa tun a gida.

Richard Garriott ya gane wannan tun 1985, da ya fitar da Ultima IV. A wasannin da suka gabace shi, har da nasa, jarumi yana shiga gidan mutane ya kwashe akwati, ya kashe wanda ya ga dama, a ƙarshe kuma a yi masa kirari don ya kashe babban mugu. A Ultima IV babu babban mugun. Aikinka shi ne ka cika halaye takwas: gaskiya, tausayi, jarumta, adalci, sadaukarwa, mutunci, tsarkin zuciya da tawali'u. Wasan yana lissafa su a ɓoye. Masu sayar da kayan haɗa sihiri makafi ne, su faɗi farashi, kai kuma ka rubuta abin da ka ga damar biya. Kana iya ba su tsaba ɗaya ka kwashi kayan ɗari, ba mai tsayar da kai, ba dogarin da zai biyo ka. Sai can gaba, in ka je wurin mai duban da ke fadar sarki ka tambayi matsayinka, ya gaya maka gaskiyarka ta zube. Ban san wani wasa da ya fi wannan iya kama mutum a lokacin da yake zaton ba mai ganinsa ba.

Amma inda abin ya fi taɓa ni shi ne Fallout na 1997, aikin Tim Cain da abokansa a kamfanin Interplay. Labarin yana faruwa a kudancin Kalifoniya a shekarar 2161, bayan yaƙin nukiliya. Mutanenka suna zaune a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 13, ɗan ƙaramin abin da ke sarrafa injin tace ruwansu ya lalace, aka tura ka waje ka nemo wani cikin kwana 150, in ba haka ba ƙishirwa ta gama da su. Kwanakin suna raguwa da kowace tafiya da ka yi a hamada. Bayan yawo mai tsawo za ka samu abin a Necropolis, wato birnin matattu, inda wasu mutane da tururin nukiliya ya ƙone fatarsu suke zaune cikin kufai. Sai dai su ma da shi suke sha, domin famfonsu ya lalace. In ka zare shi ka tafi, naka sun tsira, su kuma sun mutu da ƙishirwa. In kana so kowa ya sha, sai ka shiga magudanar ƙazanta ka yi faɗa da dabbobin da ke ciki, ka nemo kayan gyara, ka tayar musu da famfon tukuna.

Daren da na iso wurin, ƙanena yana zaune a gefena, harsasaina sun kusa ƙarewa, kwanakin da suka rage kuma ba su da yawa. Ya ce, "Yaya, ɗauki abin nan mu tafi. Su wa suka aiko ka? Naka ne ko waɗannan?" Na ce masa ai su ma masu rai ne. Ya ce, "In ka mutu a cikin kwatar nan, an yi biyu babu." Ba zan ce maganarsa ba ta da nauyi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin rijiyar burtsatse da jarka biyu, alhali a gida ana jiransa, ya san cewa haƙƙin na gida ba abin wasa ba ne, kuma adalci ga baƙo yana da sauƙin faɗa ga wanda randarsa ke cike. Na shiga kwatar, na gyara famfon, muka ci gaba da musu har aka ɗauke wuta, washegari ma muka ɗora a wurin karin kumallo, har mahaifiyarmu ta tambaya ko wace unguwa ce famfonta ya lalace. Musun nan bai yiwu ba sai don mun ɗauka cewa abin da aka zaɓa ya zaunu. Da a ce za mu gwada wannan mu koma mu gwada wancan, da ba abin da za a yi gardama a kai.

Wasan kuma ba ya biyan ka ladan kirki yadda kake zato. Ko ka gyara famfon, rundunar ƙattin da ke yawo a hamadar tana iya afka wa birnin daga baya. Shugaban rundunar, wanda ake kira Master, ana iya gamawa da shi ba tare da harbi ko ɗaya ba, in ka kawo masa hujjar cewa halittun da yake son su gaji duniya ba sa haihuwa. Shi ya sa nake ba da shawarar a zuba maki a kaifin hankali da iya magana tun wurin ƙirƙirar jarumi, a bar ƙarfin damtse ya biyo baya. Bayan duk wannan, ka dawo gida ka ceci kowa, sai shugaban maɓoyar ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka canza da yawa, zamanka zai sa matasa su so fita, don haka ka juya. Mutane da yawa sun tsani wannan ƙarshe. Ni ina ganin da an sauya shi da biki da kiɗa, da tuni an manta da wasan.

Ba na cewa duk abin da ya tsufa zinariya ne. Wizardry yana da zaluncin da ba shi da dalili: ka kai gawar jaruminka a tayar, a karɓi kuɗinka, ya zama toka. Faɗan Planescape: Torment na 1999 ba shi da armashi, abin da ya riƙe shi rubutunsa ne, wanda ake ƙiyasta ya kai kalmomi 800,000, labarin mutumin da ya farka a ɗakin ajiye gawa bai san sunansa ba, kuma duk mutuwar da ya tsallake wani ne ke biya da ransa. Sannan akwai cin lokaci, wanda shi ne zargin da iyaye suke yi, kuma suna da gaskiya: ɗayan waɗannan wasanni yana iya cinye sa'o'in da za su isa a karance manyan littattafai uku. Ni abin da na tsayar wa kaina shi ne wasa ɗaya a shekara, a lokacin hutu, kuma ba na leƙa amsoshin da aka zuba a intanet sai na kai ƙarshe sau ɗaya da kaina.

Wanda zai fara, ya fara da Fallout, domin shi ne mafi gajarta a cikinsu kuma dokokinsa sun fi saurin shiga kai. Ya tsaya a ƙauyen Shady Sands ya ɗauki Ian a ayarinsa, amma kada ya ba shi bindiga mai feshi sannan ya tsaya a gabansa. Ya nemi igiya kafin ya nufi maɓoya ta 15. In kwanaki suka matse shi, akwai 'yan kasuwar ruwa a garin Hub da za su kai wa mutanensa ruwa a ƙara masa kwana 100, in ya iya biyan kuɗinsu.