Hanjin Zomo ko Jan Lantarki

Da zarar an kaɗe riɗi an kai dawa rumbu a ƙasar Kaugama, gonaki suka zama fili, sai ka fara ganin samari da sanyin safiya suna ratsa karkara, gora a kafaɗa, karnuka na biye. Yawancin karnukan jajaye ne sirara, haƙarƙari a waje, wasu an datse musu kunne tun suna 'yan kwikwiyo. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babu igiya a wuyan ko ɗaya. Za su bi ta tsakiyar tumakin da aka saka kiwo a kan karan dawa, su wuce kaji da zabin gida a bakin rugar Fulani, ba wanda zai karkata. In wani ɗan sabon shiga ya tsaya yana zuba wa ɗan akuya ido, fito ɗaya ubangidansa zai yi, sai ka ga ya sunkuyar da kai ya koma sahu. Dabbar nan kuwa da yunwa ta fito, kuma an fito da ita ne musamman don ta bi abu mai gudu ta kama.

A Turai da Amurka an shekara da shekaru ana cacar baki a kan yadda za a kai kare wannan matsayi. Wani ɓangare na cewa a ɗaura masa abin wuya mai lantarki. Wata 'yar na'ura ce a jikin maɗauri, tana da ƙusoshi biyu masu dakusasshen baki da ke taɓa fatar wuya, mai karen kuma na riƙe da rimot. In kare ya zabura zai bi tunkiya, sai a danna, wuta ta ja shi daga nesa. Ana iya rage ƙarfinta ko a ƙara, wasu ma ƙara kawai suke yi ko girgiza. Maharban Amurka ne suka fara amfani da ita wajen shekarun 1960, don karnukansu kan yi nisan da murya ba ta kaiwa. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa a bar azaba gaba ɗaya: duk lokacin da kare ya yi daidai a jefa masa ɗan nama ko a yi wasa da shi, in ya yi kuskure a hana shi ladan, shi ke nan.

Maganar har ta kai majalisu. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta na'urar a 2010, Jamus ta riga shi, Holan ta bi sahu a 2022. Gwamnatin Ingila ta shirya dokar da za ta fara aiki a Fabrairun 2024, amma ba ta kai ga wucewa ba. A 2020 masana a Jami'ar Lincoln suka fitar da sakamakon gwaji a kan karnuka 63 masu taurin kai da aka raba gida uku, aka ga waɗanda aka horar da lada sun fi saurin amsa kira, kuma sun fi amsawa tun a kiran farko. Masu goyon bayan na'urar suka ce ai ba a gwada su a gaban tunkiya mai gudu ba. A 2024 wani gwaji a Jami'ar Jihar Arizona ya ba su abin kafa hujja, domin karnukan da aka ja da lantarki sun daina bin abin da inji ke ja a guje, waɗanda ake lallashi da abinci kuwa ba su daina ba cikin kwanakin gwajin. Sai dai na farkon sun yi ta kuka in wutar ta taɓa su. A Niyu Zilan kuma hukuma da kanta ke shirya irin wannan horo ga karnukan farauta, don su guji wani tsuntsu da ba ya tashi mai suna kiwi, wanda ke neman ƙarewa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne jarrabawar da duk suke yi wa karen ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya kai babin farauta a Risala ko wani littafin fiƙihu ya ji ta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar da aka koya wa farauta ta kama, in an ambaci sunan Allah. Malamai suka tsaya fayyace wane kare ne za a ce ya koyu, suka ce wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya ƙara cewa in karen ya ci daga abin da ya kama a bar shi, don kansa ya kama wa, ko da yake a mazhabar Malikiyya da muke bi an sassauta wannan sharaɗi. Tura kare ba wuya, ko yaro ya ce "kama shi" zai zabura. Aikin yana wajen tsayar da shi da dawo da shi, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya kiwo.

To yaya mutanenmu ke yi? Ba makaranta, ba littafi. Ana karɓo kwikwiyo yana ɗan wata ɗaya ko biyu, mutum ɗaya ke ba shi abinci, ɗumamen tuwo, ƙanzo, dusa da aka dama, kan kifi in an samu, abin da ba ya wuya a ƙasar da kogin Haɗeja ya ratsa. Kafin a ajiye kaskon sai an kira sunansa, an yi irin fiton da za a riƙa yi masa a daji. Kafin ya yi wata huɗu ya haɗa fiton nan da cikar ciki. Hausawa suka ce ba a kiwon kare ranar farauta, kuma wannan ɗan kaskon na safe da yamma shi ne kiwon.

Da ya tasa sai a haɗa shi da tsohon kare. Rabin karatun a nan yake, ubangida ɗan kallo ne. Tsohon ne zai nuna masa yadda ake shinshina ramin gafiya, yadda ake tare wa zomo hanya maimakon a bi bayansa, da cewa ba a tunkarar bushiya da hanci. Ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai ya bi na bara tukuna.

Sauran rabin kuwa hanji ne. Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo a bayan gari, karyarsa ta kamo zomo. Ya durƙusa ya ce "saki", ta saki, ya juya ya yanka shi da bisimilla tun da sauran rai. Bai tashi daga wurin ba sai da ya farke cikin, ya zaro kayan ciki da ɗuminsu ya miƙa mata a tafin hannu. Jikansa da ke riƙe da buhu ya ce, "Baba, a bari mana sai mun je gida, ga su can sun taso wani." Tsohon bai ko ɗaga kai ba ya ce, "In ka kai gida, kai ka san na mene ne, ita ba ta sani ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma shi ne abin da masana halayyar dabbobi ke nanatawa tun zamanin Ba'amurken nan B. F. Skinner: lada ko horo, in bai biyo bayan aikin nan take ba, dabba ba ta haɗa su. Karyar ta koyi cewa sakin zomo ne ke kawo hanji. Wanda ake ƙwace wa nama a hana shi komai kuwa darasi dabam yake ɗauka, wato ya ruga cikin sabara ya cinye kafin a iso.

Ba ina cewa ba ma dukan kare ba ne. Muna duka, har fiye da kima, sai dai ka duba wane kare ne ke shan dukan da kuma yaushe. Karen gida ya ɗauke ɗan tsako da hantsi, maigida yana gona. Da la'asar ya dawo aka ba shi labari, sai ya kira karen da murya mai taushi, karen ya taho yana kaɗa wutsiya, ya damƙe shi ya hau jibga. A lissafin maigida, ya hukunta ɓarawo. A lissafin kare, aikin ƙarshe da ya yi kafin sanda ta sauka shi ne amsa kira. Gobe in an kira shi zai tsaya daga nesa, wutsiya a tsakanin cinyoyi, yana zagaye, sai a ce karen nan ba ya ji. Ya ji sarai. Tsakin kuma zai ci gaba da ɗauka, sai dai zai jira ba kowa a tsakar gida.

A nan ne na ga inda na'urar lantarki ta fi sandarmu, don gaskiya ɗaya ce: tana isa a kan lokaci, kuma ba ta nuna hannun da ya yi dukan. Amma ba ta gaya wa kare dalili. Wutar na zuwa ne a daidai lokacin da idonsa ke kan wani abu, kuma shi zai zaɓi abin da zai ɗora wa laifin. Mai horon da ya ƙware zai danna daidai sa'ar da karen ya zabura wa tunkiya. Wanda bai ƙware ba zai makara da daƙiƙa biyu, lokacin da karen ya riga ya juyo yana kallon yarinyar da ke tallan nono. Daga ranar ya ƙulla gaba da duk mai ƙwarya a ka. Ka tuna kuma irin hannun da rimot zai shiga in ya zo nan. Mutumin da ke kai wa jakinsa duka don ransa ya ɓaci a kasuwa ba zai tsaya a lamba ta biyu ba alhali akwai ta goma, yara kuma za su mai da abin wasa ranar da ya manta shi a kan tabarma. Sanda aƙalla tana gajiyar da hannu, kuma maƙwabta na jin kukan su leƙo su ce haba, a ji tsoron Allah. Mun taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda kyanwa, kuma wannan ya kan yi wa mai duka birki in an tuna masa.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Hanjin nan yana aiki sosai ne saboda karen yana cikin yunwa, wasu ma da gangan suke hana shi abinci daren farauta don ya yi zafin nema. Karen Bature da ya ƙoshi zai iya raina guntun nama in ya ga tunkiya a guje, namu ba shi da wannan gatan. Datse kunne da reza ba tare da maganin kashe zafi ba shi ma ba tausayi ba ne, ko da an ce don kada ƙaya ko abokin faɗa ya samu abin kamawa. Ga kuma ƙarshen karen da ya kasa. Wanda ya ɗanɗana jinin akuyar maƙwabci ba a ba shi dama ta biyu, domin maganar ta wuce ta kare ta koma ta biyan diyya da zaman lafiyar unguwa, wani lokaci har gaban mai unguwa ko dagaci. Ko a kashe shi, ko a sayar wa fataken da ke bi ƙauye-ƙauye suna tara karnuka, waɗanda da yawansu kan ƙare a kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato. Masu kare na'urar a Ingila irin wannan hujja suke kawowa: manomi na iya harbe karen da ya afka wa tumakinsa, don haka jan wuta na 'yan daƙiƙu ya fi harsashi. A kan irin wannan kare guda, wanda an gwada komai ya ƙi, kuma a hannun wanda ya san aikin, ba zan yi musu da su da ƙarfi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da ita hanyar farko, a ɗaura wa kwikwiyon da ko sunansa bai gama riƙewa ba.

Akwai kuma wani abu da gidajenmu ke bai wa kare kyauta, wanda a can sai an biya kuɗi an nema. Masana sun nuna cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke tantance waye nasa, waye abin farauta. Kwikwiyon garuruwan Kaugama irin su Dakaiyawa ko Marke a gindin turken awaki yake kwana a wannan lokaci. Kaza mai 'ya'ya ta tsattsage shi a hanci tun bai fi tafin hannu ba, uwar garke ta tunkuye shi ya wuntsila, ya sha ruwa a kasko ɗaya da 'yan raguna. Shi ya sa samarin nan ke ratsa garke da karnuka bakwai ba igiya. Waɗanda suka fi ba da wahala su ne waɗanda aka sayo da girmansu daga birni, sun tashi a ɗaure da sarƙa a bayan get, ba su taɓa ganin tunkiya ba sai ranar da aka sauke su daga mota.