Daga Ambaki Wau Zal Zuwa Alfa Bravo: Mu Gyara Yadda Muke Faɗin Sunayenmu



Harafi ɗaya a cikin suna ya zama babbar magana a wannan zamani. A da, in aka rubuta Sale a madadin Salihu, mai unguwa ya san ko wane ne, magana ta ƙare. Yau kwamfuta ce ke duba takardu, ita kuwa ba ta da kara. In sunan da ke kan lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ya saɓa da na BVN ko da wasali ɗaya ne, asusu na iya tsayawa. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN, don haka kuskuren da aka yi wa yaro a rana ɗaya yana iya bin sa har ƙofar jami'a.

Rabin aikin sakatare rubuta sunaye ne: rajistar mambobi, jerin marayu, masu neman tallafin karatu, masu karɓar abincin azumi. Mafi yawan sunayen nan ta waya suke zuwa. Wani yana kira daga cikin hayaniyar Faringada, wani daga tashar Bauchi Road, wata uwa daga Gangare yara na kuka a bayanta, ga kuma sabis da ke ɗaukewa da zarar hadari ya haɗo. A shekarun da na yi riƙe da wannan littafi na ga yarinyar da ta rasa zangon karatu guda saboda takarda ɗaya ta ce Sa'adatu, ɗaya ta ce Saudatu. Na ga gwauruwar da kuɗin tallafinta suka yi makonni suna yawo saboda wanda ya ɗauki lambar asusunta a wani ofis ya ji biyu inda ta ce biyar. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Kunne ne ya ji abin da baki bai faɗa ba.

Abin da na lura da shi, matsalar tamu a Jos ta ninka ta sauran wurare, saboda dalilai uku.

Na farko, sunayen wasula. Wanda ya koyi karatu da Hausa yana cewa a, e, i, o, u yadda ake furta su. Wanda ya koya da Turanci kuwa, abin da Bahaushe ke kira "i" shi ne E a wurinsa, abin da Bahaushe ke kira "e" kuma ya fi kama da A. Sai dattijo ya ce "i", ma'aikaci ya rubuta E, kowa yana ganin ya yi daidai. Haka Idi ke komawa Edi.

Na biyu, baƙaƙen da Hausa ke da su Turanci ba shi da su: Ɓ, Ɗ, Ƙ, TS da 'Y. Mu mun san baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Wanda ya bata ba shi ne ya ɓata ba. To amma yawancin na'urorin ofis ba su da ƙugiya, kuma da yawa ba sa karɓar alamar ɗauri ta cikin Shu'aibu ko A'isha. Ga kuma C, wadda mu muke rubutawa ita kaɗai, takardun gwamnati su ƙara mata H, har Ciroma da Chiroma su zama mutum biyu a idon kwamfuta.

Na uku, zaman tare. Hausa ce harshen kasuwa tsakaninmu da maƙwabtanmu Birom, Anaguta, Afizere, Angas, Tarok da sauransu. Su sunayensu na ɗauke da sautukan da kunnen Bahaushe ba ya rarrabewa. P da F duk ɗaya ne a bakinmu, V kuma sai ta koma B. In maƙwabci ya ce sunansa Pam, Bahaushe ya rubuta Fam. In ya ce Davou, a rubuta Dabo. Yadda ba ma son a ɓata mana Ƙasimu, haka shi ma ba ya son a sauya masa sunan kakansa. A gari irin namu, rubuta sunan mutum daidai ma wani nau'i ne na girmamawa.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. Masu jiragen sama sun riga mu shan wahalarta, domin a rediyo B, D, P da T kusan sauti ɗaya ne, kuskure kuma a sararin sama rai ne. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara kalmomi 26, kowane harafi da tasa: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu. Wani masanin harshe na Jami'ar Montreal a Kanada, Jean-Paul Vinay, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Bayan gwaji da gyare-gyare, tsarin da ake amfani da shi yanzu ya fara aiki ranar 1 ga Maris 1956, sojojin NATO ma suka ɗauka. An zaɓi kalmomin ne yadda mai Turanci da mai Faransanci da mai Sifaniyanci duk za su gane, kuma ko rabin kalma aka ji a san wadda ake nufi. Har lambobi suka gyara wa furuci, saboda biyar da tara a Turanci kan rikice a rediyo. Da wannan harshe matuƙi ke magana da hasumiya idan zai sauka a filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang. A bakinsu, JOS ita ce Juliett, Oscar, Sierra.

Kada a haɗa wannan da wani abu mai kama da shi a suna, wato haruffan furuci na duniya da ake kira IPA. Su waɗannan malaman harshe ne suka fito da su a 1888, bayan ƙungiyar da Paul Passy ya jagoranci kafawa a Faris a 1886, don kowane sauti na bakin ɗan Adam ya samu alamarsa a takarda. Ɗaya na kunne ne, ɗaya na ido. Amma IPA ɗin ma ta shafe mu, domin ɓ da ɗ da muke rubutawa alamu ne da ke cikinta har gobe. A shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama a rubutun boko, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka wajen sabar da mutane da su.

To amma abin da ya fi taɓa ni shi ne, tun kafin a ƙera jirgin sama malamanmu na allo sun warware irin wannan matsala. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san matakin babbaƙu, kafin a kai farfaru. A nan ba a ce wa yaro harafi kaza kawai. Kowane baƙi yana da suna da ke kwatanta kamanninsa, yadda ko a cikin hayaniyar almajirai hamsin da ke karatu lokaci guda ba za a kuskure shi ba.

Ku duba hikimar. Larabci yana da haruffa da kunnen ɗan Bahaushe ke ji duk "ha". Sai malamai suka ce wannan ha ƙarami, wannan ha babba, wannan ha kuri, wannan kuma ha mai ruwa, ruwan nan shi ne ɗigo. Sin idan ta ɗauki ɗigo uku sai ta zama mai ruwa. Ga ɗa mai hannu, saboda sandar da ke tsaye a kanta kamar an ɗaga hannu. Ga ainun, wadda in ta zo da baki buɗe ake ce mata ambaki, in ta shiga tsakiyar kalma ta rufe sai a ce likkafa, domin ta yi kama da inda mahayi ke sa ƙafa. Ga kaf lasan, ga ƙaf wau, ba mai haɗa su. Ga lam ara da lam jaye, mim ara da mim jaye, nun ara da nun guda, sunan yana gaya maka har siffar da harafin ya ɗauka gwargwadon wurin da ya faɗo a kalma. Wasula ma da nasu: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo a Unguwar Rogo yana yi wa ɗan'uwansa da ke wani gari shiftar addu'a ta waya. Sabis yana yankewa, amma da ya ce "ta kuri" ko "ha babba" ba a sake tambaya. Minti biyar suka gama, na can ya maimaita, babu kuskure ko ɗaya. A ranar ni kuma na yi kusan rabin awa da wani matashi mai digiri muna ta "B ko D?" a kan adireshin imel ɗaya. Wanda ake ce wa bai yi boko ba yana da tsari, mu 'yan boko sai "A for Apple" da muka baro a aji ɗaya, in an wuce D kowa ya kama gabansa.

Wani zai ce mu haddace Alfa Bravo mu huta. Mai aikin tsaro ko jirgi, dole ne ya haddace. Amma ka ce wa gyatuma Foxtrot ko Quebec ka ji abin da za ta ce maka. W ɗinsu ma sunan giya ce. Sannan babu Ƙ, babu Ɗ, babu Ɓ a ciki. Ƙasashe da dama nasu suka yi da sunayen garuruwansu. Turkawa na cewa Adana, Bolu, Ceyhan. Mutanen Italiya na cewa Ancona, Bologna, Como. Jamus ma a 2022 ta koma sunayen birane, Aachen, Berlin, Chemnitz. Garin da kowa ya sani ba ya buƙatar hadda.

Ga abin da na fara gwadawa a aikin rajista, kuma na ga yana tafiya:

A ta Abuja, B ta Bauchi, C ta Cadi, D ta Daura, E ta Edo, F ta Funtuwa, G ta Gombe, H ta Haɗeja, I ta Ilori, J ta Jos, K ta Kano, L ta Legas, M ta Maiduguri, N ta Ningi, O ta Ondo, R ta Rikkos, S ta Sakkwato, T ta Taraba, U ta Ungogo, W ta Wase, Y ta Yola, Z ta Zariya.

Masu ƙugiya da 'yan tagwaye na ba su abin ci, don ba a mantawa da shi: Ɓ ta ɓaure, Ɗ ta ɗanwake, Ƙ ta ƙosai, TS ta tsire, SH ta shinkafa, sai 'Y ta 'ya'ya. Haruffan da babu a Hausa kuwa Filato ta wadata mu: P ta Pankshin, V ta Vom, Q ta Qua'an Pan. X kuma, kuros ɗin da malami ke sa wa amsar da ba daidai ba.

Da farko Rano na sa wa R, sai wani ɗan kwamiti ya ja hankali cewa Rano da Kano a waya tagwaye ne. Wannan ita ce ƙa'idar: kada kalmomi biyu su yi amo ɗaya.

Lambobi ma haka. NIN da BVN kowace lamba 11 ce, lambar asusun banki 10. A faɗe su ɗaya bayan ɗaya, uku-uku, ban da "ɗari biyu da sittin". Inda ake rikicewa a ƙara bayani: biyar ta salloli, bakwai ta kwanakin mako, domin biyu da biyar, bakwai da takwas, su ne suka fi cin mutane. In an gama, wanda ya rubuta ya karanto, mai lambar ya ce haka ne.

Ina roƙon iyaye abu uku. A zaɓi rubutu ɗaya na sunan yaro tun ranar suna, a rubuta a ajiye: in Muhammad ne Muhammad, in Mohammed ne Mohammed, kada makaranta ta yi nata asibiti ya yi nasa. A koya wa yaro faɗin sunansa harafi-harafi kafin ya gama firamare. Sannan duk inda aka cika maka takarda, ka nemi a nuna maka ko a karanta maka kafin a tura. Minti ɗaya ne, gyara kuwa sai an haɗa da rantsuwar kotu da kuɗin mota.

Wannan jeri ba saukakke ba ne. Zan kawo shi taron wata mai zuwa, kuma ina fata malamanmu na allo da malaman Hausa na makarantun boko za su zo su gyara mana. In an amince, sai mu buga a ƙaramin kati, mu manna a ofis, mu raba wa shugabannin unguwanni da masu shagunan cike takardu.

Allah Ya tsare mana sunayenmu da mutuncinmu, Ya ƙara wa Jos zaman lafiya. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya