Daga Jajaye Zuwa Guangzhou: Yadda Za Ki Kai Kanki Kasuwa

Uwargida, mu da muka tashi a Jajaye mun san tafiya da haƙuri ake yin ta. Ki hau acaɓa zuwa tasha, ki zauna sai mota ta cika, a bi ta Ƙaraye a shiga Kano. Idan kin gaji da hanya ki ce "Direba, akwai sauka", ya tsaya. To wannan ilimin ki bar shi a gida ranar da Allah ya nufe ki da zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Can mota ba ta jiran kowa, ba ta kuma tsayawa sai inda aka rubuta mata.

Yawancin matanmu idan sun je, jagora suke ɗauka ya yi ta yawo da su a tasi. Ban hana ba, musamman zuwan farko. Amma kuɗin tasi da na jagora daga jarinki suke fita, kuma shagon da jagora ya kai ki sau da yawa yana da nasa kason a ciki. Macen da ta iya hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa ita ke zaɓar inda za ta yi ciniki.

Sunan jirgin ditie, ki furta shi "di-tiye". Tun 1997 yake aiki a birnin, kuɗinsa daga yuan 2 yake farawa, yana ƙaruwa gwargwadon nisa. Kowane layi da lambarsa da launinsa, saboda haka ko ba ki iya karatun Sinanci ba, ido ya ishe ki. Daga filin jirgin sama na Baiyun layi na 3 za ki hau, mai ruwan lemo. Ki sauka a Jiahewanggang ki koma layi na 2, shuɗi. Shi ke bi ta Sanyuanli, unguwar kasuwannin jaka da takalma da tufafi, ya wuce babbar tashar jirgin ƙasa. A nan idan kika koma layi na 5, ja, tasha ɗaya ce zuwa Xiaobei, "Shiyau-bei", inda 'yan Afirka suka fi taruwa, inda kuma za ki iya jin Hausa a bakin titi.

Kafin ki shiga za a saka jakarki a na'urar bincike, kowa haka ake masa, kada ranki ya ɓaci. Tikitin tafiya ɗaya wani ɗan roba ne kamar kwabo: ki ɗora shi a ƙofar shiga, ki jefa shi a ramin ƙofar fita. Ki riƙe shi da kyau, kada ki ba yaro ya yi wasa da shi. Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne fitowa, domin tasha ɗaya na iya samun ƙofofi huɗu ko fiye, A, B, C, D, kowace da titin da take ɓullawa. Ki nemi alamar 出口, "cu-kou", wato mafita, kuma tun a masauki ki tambayi harafin ƙofar da ta fi kusa da kasuwarki.

Bas kuwa gongjiao che ce, "gung-jiyau ce". Babu kwandasta, babu canji. Ta gaba ake shiga, ta baya ake fita, yawanci yuan 2 ne. Ni dai shawarata ki bar bas sai kin kwana biyu, don sunayen tashoshinta sun fi wuyar kamawa. Ranar da kaya suka yi yawa ki kira mota ta manhajar DiDi, ko ki tare tasi. Direba ki ce masa "shi-fu", girmamawa ce kamar yadda muke cewa malam. Sai ki ce "wo yau cu", ina so in je, ki nuna masa adireshin da rubutun Sinanci a wayarki. Kada ki dogara da furucinki. Harshen nan kamar namu ne, karin sauti yana sauya ma'ana. Nawa ne shi ne "dwo-shau ciyan", na gode "shiye-shiye", banɗaki "tse-swo". Huɗu "si" ne, goma "shi", a bakin mutanen kudancin ƙasar kusan iri ɗaya suke fita, to ki miƙa waya a rubuta miki lambar.

Maganar waya, ki shirya ta tun a Kano. Google da WhatsApp da Facebook a toshe suke a kan intanet ɗin ƙasar, mutanen can WeChat da Alipay suke amfani da su, har biyan kuɗin mota. Ki sauke su, ki ɗauki hoton katin otal ɗinki, ki gaya wa maigida da mai riƙe miki yara cewa agogonsu yana gaban namu da awa 7. Fasfo kuma kullum yana jikinki, ana iya tambayarki a hanya, kuma da shi ake sayen tikitin jirgin ƙasa idan za ki wuce Yiwu.

Kalmar da na fi so ki haddace ita ce 清真, "cing-jan", halal. Ki duba ta a ƙofar gidan abinci kafin ki zauna. Masallaci "cing-jan-si" ne. Tsohon masallacin Huaisheng yana kusa da tashar Ximenkou a layi na 1, na Xianxian kuma kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2, inda Musulmin can ke cewa kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake.

Bari in sa rigar aikina kaɗan. Garin yana da zafi mai gumi, tashoshin kuma tafiyar ƙafa ce mai tsawo da matakala. Mai ciki, mai hawan jini da mai ciwon suga, ku sa takalmi mara tsini, ku riƙe ruwa, maganinku yana jakar hannu cikin kwalinsa na asali. Ki nemi lif maimakon jan akwati a kan bene. Ki kuma guji jirgin da sassafe da lokacin tashi daga aiki, cunkoson ba na mai goyo ba ne. Idan tafiyarki ta faɗo a Afrilu ko Oktoba, lokacin baje kolin Canton Fair, ki kama ɗaki da wuri, don kuɗin otal tashi yake.