Malamar da Ta Rasa Magajiya

A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka haifi gwanar rawar bale Marie Taglioni a birnin Stockholm. Rawar bale ba tamu ba ce a Sakkwato, amma labarin matar nan ya daɗe yana mini yawo a zuci.

Mahaifinta Filippo ne ya hore ta, sa'o'i shida kullum. A 1832 ta fito a wasan La Sylphide a gidan Opera na Paris, tana rawa a kan 'yan yatsun ƙafa, sunanta ya kai har Rasha. Ta yi ritaya a 1847.

Abin da ya fi taɓa ni ya zo daga baya. Ta ɗauki wata yarinya, Emma Livry, ta tsara mata wasan Le Papillon a 1860. A watan Nuwamba 1862, ana cikin gwaji, wutar fitilar gas ta kama rigar Emma. Ta sha jinya wata takwas, ta rasu tana da shekara 20.

Nakan tuna Nana Asma'u, wadda ta raba iliminta ga jajoji masu yawa, wato mata masu koyar da 'yan'uwansu mata, kuma ta bar shi a rubuce. Ita Taglioni gwanintarta a jiki take, sai ta zuba ta a jikin ɗaliba guda, wuta ta cinye. Ina jin tausayinta ƙwarai. Da tsufa ya zo, dukiya ta ƙare, ta koma koya wa 'ya'yan attajirai rawa a Landan. Ta rasu a Marseille a 1884.