Daren da Kwamfutarmu Ta Yi Gum

Mu biyu ne masu lalurar gani a gidanmu da ke Yakasai, kuma kwamfuta ɗaya muke karatu da ita, 'yar gwanjo da Baba ya saya mana da muka samu gurbi a Jami'ar Bayero. Ku da kuke gani, fuskar kwamfuta kuke kallo. Mu kuwa saurare muke yi. Akwai manhajar da ke karanta mana duk abin da ya bayyana, sunanta NVDA. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka gina ta, Michael Curran da James Teh, an fara aikin a 2006, kuma kyauta ce.

NVDA tana karɓar wasu ƙananan manhajoji da ake jona mata, mu muna ce musu ƙari. Wani ya sauya murya, wani ya taimaka da lissafi. Mu kuma, gaskiya, kwaɗayi ya yi mana yawa. Duk ƙarin da aka turo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu sai mun ɗora.

Wani daren Lahadi cikin hunturu muna zaure, an ɗauke wuta, ga aikin da za mu miƙa da safe. Da yamma mun ɗora wani tsohon ƙari. NVDA ta gargaɗe mu cewa bai dace da zubin da muke kai ba, muka ce ta ƙyale mu. Bayan isha'i muka kunna, muka ji ɗan sautin nan na tashinta, daga nan shiru. Muka danna Control da Alt da N, shiru. Muka sake, shiru.

Da wuya mai gani ya gane irin wannan shirun. Kwamfutar tana kunne, muna jin ɗuminta a cinya, fankarta na juyawa, amma ba mu san inda muke a cikinta ba. Ƙanwarmu 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta leƙo ta ce, “Yaya, ai lafiyarta ƙalau, ga hoton nan.” Haka ne, a wurinta.

Wani maƙwabci ya ce mu bari da safe a kai kasuwa a goge komai a sake zubi. Da niyyar alheri ya faɗa, amma a cikinta akwai darussan zango guda da muka sha wahalar tarawa. Batir kuma yana ta zuƙewa.

Abin da ya cece mu shi ne Windows tana da tata muryar, Narrator, wadda ba ruwanta da NVDA. Muka haɗa Control da Windows da Enter, sai ga magana. Ba mu saba da ita ba, amma a daren nan ta fi mana kowace murya daɗi. Muka danna Windows da R, akwatin umarni ya buɗe, muka rubuta nvda --disable-addons, muna sauraren kowane harafi don kada mu tsallake ɗaya daga cikin layukan nan biyu da ke jere. Ma'anarsa, NVDA ta tashi ita kaɗai, ta bar duk ƙarin da aka jona mata. Muka danna Enter. Sai ga muryar da muka sani. Muka kashe Narrator don kada su riƙa magana a tare.

Wannan ya nuna mana laifin ba na NVDA ba ne, ba kuma na kwamfutar ba. Muka shiga wurin da take jera ƙarin da aka ɗora, muka cire wanda muka saka da yamma, muka sake tayar da ita. Ta tashi lafiya. Da ba mu san mai laifin ba, da sai mu kashe su duka, mu riƙa kunna ɗaya muna sake tayarwa har mu kama shi. Aiki ne mai cin rai, amma ya fi gogewa.

Daga baya muka fahimci dalilin gargaɗin. Zubin farko da NVDA ke fitarwa a kowace shekara yakan zo da sauyin da tsofaffin ƙari ba sa jurewa sai masu su sun sabunta su. Tun 2023 kuma akwai rumbun ƙari a cikin manhajar kanta, inda ake nuna wanda ya dace da zubinka. Can muke ɗauka yanzu, ko da 'yan zaure sun yi ta yabon wani.

Mun gama aikin wajen ƙarfe ɗaya, batir na gab da mutuwa. Washegari muka ɗauko allon rubutun makafi muka huda maɓallan nan da umarnin a kan kati, muka manna shi a murfin kwamfutar. Ƙanwarmu ta shafa ɗigo-ɗigon, ta ce ita ma a rubuta mata da biro, ko da wata rana za mu kira ta.