Har Sai Jar Fitila Ta Mutu

Akwai wani dattijo da ya shafe shekaru yana aiki a farfajiyar da jiragen sama ke tsayawa, a wani filin jirgi na ƙasar nan. Aikinsa shi ne tarbar jirgi da sanduna biyu masu haske, ya nuna wa matuƙi inda zai bi da inda zai tsaya. Ba shi da yawan magana, kuma kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar inji. Duk yaron da aka kawo masa koyon aiki kuwa, abin da yake fara faɗa masa shi ne, a wurin nan ido da hannu ke magana, domin ƙara ta cinye murya.

Ran nan, lokacin jigilar alhazai zuwa gida, wani jirgi ya iso da tsakar dare. 'Yan'uwa sun yi dafifi a bayan shinge tun la'asar, ma'aikata sun gaji, kowa ya ƙosa a sauke kaya a tafi. Dattijon ya gitta sandunansa bisa kai, watau alamar tsayawa, jirgi ya tsaya cik. Sai wani yaro sabon ɗauka, wanda bai cika wata guda ba, ya ji ƙara ta ragu, ya zaci an kashe inji, ya doshi ƙofar kaya da sassarfa. Ƙofar nan kuwa a gaban injin dama take. Kira ba shi da amfani, don kunnuwan yaron a toshe suke kamar na kowa. Dattijo ya yar da sanduna, ya kai masa cafka ta wuyan riga, suka zube ƙasa tare.

Da gari ya waye ya zaunar da shi, ya ce, "Ɗana, me ka gani jiya da ka tashi?"

Yaro ya ce, "Wallahi Baba ban ga kome ba, na dai zaci an kashe."

Dattijo ya ce, "To, Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A nan kuwa ba ya barin mutum ya kai ga tuba."

Sa'an nan ya warware masa yadda abin yake. Injin jirgi yana zuƙar iska ta gaba da ƙarfin gaske, ya feso ta ta baya da zafi. Ko da yana jujjuyawa a hankali, injin jirgi irin Boeing 737 yana iya fizgar mutumin da ya kusance shi da wajen ƙafa 10. Ta baya kuma hucinsa yana iya kifar da keken kaya. Saboda haka ne aka sa wata jar fitila mai walƙiya a bisa jirgi da ƙarƙashinsa. Muddin tana walƙiya, to, ko dai inji yana aiki ko ana shirin tayar da shi, kuma ba mai matsawa kusa da fiffike. Haka nan aka yi wani farin zane kamar naɗin katantanwa a tsakiyar fankar injin, domin wanda kunnensa bai ji ba idonsa ya gani ko tana juyawa.

Har wa yau ya nuna masa cewa mutum ɗaya tak ke magana da matuƙi, ta wayar da ake jonawa kusa da tayar gaba. Sauran duk sai ishara, kuma ishara iri ɗaya ce a Kano da Jidda da London, gama hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ce ta tsara ta. Akwai ta sa waigi a taya, akwai ta tayar da inji, akwai ta kashe shi, wadda ake yi da jan hannu a maƙogwaro. Wanda ya ga alama bai fahimta ba, sai ya tsaya inda yake har a maimaita.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron dattijo ya yi yawa. A watan Disamba na 2015, a filin jirgin Mumbai ta ƙasar Indiya, inji ya zuƙe wani ma'aikacin gyara, saboda rashin fahimtar juna tsakanin matuƙa da mutanen ƙasa. Ran 31 ga Disamba, 2022 kuma, a garin Montgomery na Amurka, wata ma'aikaciyar kaya ta rasa ranta ta wannan hanya. Binciken hukuma ya nuna an tara ma'aikatan har sau biyu kafin jirgin ya iso, an gaya musu za a bar inji yana aiki har sai an jona wa jirgin wutar lantarki daga ƙasa, kada kowa ya matsa sai an kashe shi. Jar fitilar tana walƙiya sa'ad da abin ya faru.

To, ashe sanin doka kaɗai bai isa ba. Gajiya da sabo da matsin shugabanni masu ƙirga minti suna sa ƙafa ta riga ido. Don haka nauyin ba a kan leburan kaya kaɗai yake ba. Kamfanin da ya sa mutum aikin dare da rana babu hutu, ko ya tura sabon yaro gaban jirgi ba tare da horo ba, shi ma da hannunsa a ciki. Fasinja mai ƙorafin jinkirin akwatinsa kuwa, ya kamata ya sani mintunan nan biyu ko uku na jira ran wani ake tsarewa da su.

Yaron nan ya daɗe a aikin, har ya zama shi ke riƙe sanduna bayan dattijo ya yi ritaya. Abokan aikinsa sukan zolaye shi da nawa, don ko jirgi ya yi tsit ba ya ɗaga ƙafa sai ya ɗaga kai ya dubi fitila. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ce yana da iyali masu jiransa a gida. Allah Ya kiyashe mu da gaggawa, amin.